Gaisuwar Babbar Sallah daga Jidda

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ka durƙusa mini gaban Inna, ka ce mata yajin da ta ba alhazan unguwarmu ya iso. Da shi muka ci naman yau, mu shida a faranti ɗaya, har wani ɗan Maraɗi ya roƙi na gobe.

Na san ka ga kuɗin layya ba su kai na bara ba, kawaici kawai ka yi. Aiki bai yanke ba, Yaya, hanya ce ke cinye shi.

Lokacin da muke unguwar Gulail, da ƙafa nake shiga Balad, tsohon garin Jidda, in yi dako, in dawo gida cin rana. Rusau ɗin 2021 zuwa 2022 ya share Gulail da Sabil da Kandara, haya ta yi tashin gwauron zabi, muka gangara can kudu wajejen Khumra. Jidda kuwa a miƙe take kamar igiya a bakin Bahar Maliya, aiki mai maiƙo yana ɗaya bakin, arewa wajen Abhur, inda ake ta gine-gine. Kafin kiran assalatu ina bakin titi da gorar ruwa, ina ɗaga wa a-kori-kura hannu. Ran da ba a dace ba sai tasi, zuwa da dawowa ta lashe kusan rabin kuɗin yini.

Cikin azumi wani ɗan kwangila ya yaba da hannuna, ya ce zai riƙe ni wata uku. Sai ya tambayi inda nake kwana. Da na faɗa, ya girgiza kai, ya ɗauki wani mai tsohuwar Hilux wanda ko kwaɓa siminti bai iya ba. Ban ga laifinsa ba, amma ranar ban ci abincin kirki ba.

Abokina na Riyad kullum yana yi mini kuri da jirgin ƙasansu na cikin gari da aka buɗe a Disambar 2024, layi shida, riyal 4 ka ratsa gari. Mu namu na Haramain ne, Makka da Madina yake kai mutum, ba wurin gini ba.

Batun Auta da ya matsa sai ya zo: kada ku sayar da gonar fadama. Bari ya fara koyon tuƙi ya karɓi lasisi, sannan mu yi magana bayan kaka.

A gaida Anti da yara, a ajiye mini soye.

Ƙaninka