Na karɓi ƙullin maganin surukata, ga Jibin Ubangiji ya matso

Mama, salama a cikin sunan Yesu Almasihu. Ina gaishe ki da aiki. Don Allah a sakaya sunana, saboda matan ikkilisiyarmu da yawa ba sa rasa shirin nan.

Tun Lahadin da ta wuce ban yi barcin kirki ba. Facalata ce ta kai jaririnta na uku majami'a aka miƙa shi ga Ubangiji. Ni na tashi da asuba na soya waina, ni na goyo yaron har gida. Muna cikin rabon abinci sai Inna, uwar maigidana, ta ce a gaban mata wai bishiyar da ba ta 'ya'ya itacen girki ce. Ba ta dube ni ba, amma kowa ya dube ni. Ludayin miya na hannuna, na rasa inda zan aje shi.

Shekara 7 ke nan da aurenmu, na yi ɓari sau biyu. Mama, ni ba 'yar jiya ba ce a bin Yesu. Babana yana cikin na farko da aka yi wa baftisma a ƙauyenmu wajen Malumfashi, da hannunsa ya tara layu da gurayen kakanmu ya cinna musu wuta, 'yan'uwansa suka daina cin tuwo da shi. A gidan nan na tashi. Ina Zumuntar Mata, ni ke kaɗa tulu. Labarin Hannatu da ta daɗe ba ta haihu ba da kishiyarta Feninna mai yi mata gori, a littafin 1 Sama'ila, ni na koya wa yara a makarantar Lahadi, ban san kaina nake koya wa ba. Na yi azumi, na je asibiti a Zariya, aka yi hoto aka ba ni magunguna.

To, a watan jiya Inna ta zo daga ƙauye da wani ƙulli a baƙar leda. Wai ta je wurin wani mutum ya duba, ya ce an ɗaure mini mahaifa, har ta kai masa baƙar kaza. Gari ne da zan dama a kunu in sha kafin gari ya waye kwana uku, da laya a jan ƙyalle ta ɗaurawa a ƙugu. Kuma wai kada in yi addu'a lokacin sha. Ita ma fa tana zuwa sujada! Na ce a'a, ta ce to kada in yi kuka ranar da ɗanta ya haifo a waje. Na karɓa ne don kawai ta yi shiru, na tura shi ƙasan akwatin da zanen Zumunta yake.

Na san Littafi Mai Tsarki, a Maimaitawar Shari'a 18, ya hana zuwa wurin masu duba. Amma Mama, saiwa da ganye ba Allah ne ya halicce su ba? Na asibitin ma ai daga itatuwa ake yin wasu. Saratu ma ta gaji da jira ta ba Ibrahim Hajaratu, duk da haka tana shekara 90 Allah ya ba ta Ishaku. Ni mutum ce. Duk wanda bai taɓa wanke zanen jinin ɓari da hannunsa ba, ba zai gane ba.

Gara in faɗi gaskiya. Daren Litinin na sha, sau ɗaya. Layar ban taɓa ta ba, Allah shaida. Amma ban yi addu'ar ba, kamar yadda aka ce, kuma wannan ne ke cina. Tun ranar in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. An ce Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, zai buɗe mafita. Ni ban ga ƙofar ba a daren nan.

Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu. In na ƙi ɗauka, matar fasto za ta lura, kusa da ita nake zama. In na faɗa wa dattawa, horo ne da kujerar baya, Inna kuwa ba wanda zai tanka mata, ita da ta kawo abin. Wannan adalci ne? Ledar tana nan a akwati, ina tsoron ƙonawa kada wani abu ya same ni, ina tsoron bari.

Mama, ya zan yi da matar nan? Jibi ta ce za ta dawo ta ji ko na cika kwana ukun.

Taki a cikin Ubangiji,
Wata 'yar'uwa daga Zariya