Tsadar Data: A Duba Na'urar da ke Shan Wuta a Turakun Sadarwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar tsadar kira da data, wadda ba ta lafa ba tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Kamfanoni sun kafa hujja da tsadar dizal ɗin da janaretocin turakunsu ke sha, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ba kasafai ake tambayar inda wutar take tafiya ba, alhali kaso mai tsoka na ƙarewa ne a cikin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin eriya ta watsa ta.

Lokacin da GSM ya shigo Najeriya a 2001, ƙarfin siginarsa ba ya hawa ba ya sauka, saboda haka ana iya tura amfilifaya kusa da iyakar ƙarfinta ba tare da matsala ba. Da zuwan 4G da 5G labari ya sha bamban, domin tsarin OFDM da suke aiki da shi yana rarraba saƙo ne a kan ƙananan mitoci masu ɗimbin yawa, har 1,200 a tashar 4G mai faɗin megahaz 20. Galibi waɗannan mitoci kan rage wa juna kaifi, amma jefi-jefi sai su dace su tashi tare, ƙarfin ya yi tsiri ya ninka matsakaicinsa sau goma ko fiye, sannan ya faɗo nan take.

Duk wanda ya taɓa jin lasifikar gidan biki da aka ƙure wa murya har magana ta koma gwaranci ya san abin da ke biyo baya. Idan tsirin ya fi ƙarfin amfilifaya sai ta datse kansa, saƙon ya jirkice, waya ta nemi a sake aiko shi, mai amfani kuma ya ga intanet na jan ƙafa. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, domin jirkitacciyar sigina kan malala zuwa mitar wani kamfanin da ke maƙwabtaka, kuma mita ba abin banza ba ce: a kan dala miliyan 273.6 kowannensu kamfanonin sadarwa na MTN da Mafab suka sayi lasin 5G a gwanjon Disamban 2021.

Tsohuwar dabara ita ce a sayi babbar amfilifaya a riƙa aiki da ita ƙasa-ƙasa, a bar sarari saboda tsirin da ba a san lokacin zuwansa ba. A haka abin da ke fita ta eriya kan gaza kashi 20 cikin ɗari na wutar da aka ba ta, saura ya zama zafi, zafin kuma a sake ƙona mai wajen sanyaya shi, musamman a bazarar Sakkwato ko Maiduguri.

Maganin ba sabo ba ne. Ana aske kan tsirin tun sigina na cikin kwamfuta, a tace dattin da askin ya haifar, ko da yake askin na da iyaka, domin idan ya yi yawa shi ma ɓata saƙon yake yi. Akwai kuma dabarar da ta fi burge ni, inda na'ura ke auna irin karkatar da amfilifaya ke yi, sai ta riga ta karkata siginar zuwa ɗaya ɓangaren, ta yadda za ta fito a miƙe. Idan aka haɗa wannan da tsarin da injiniya Ba'amurke William Doherty ya ƙirƙiro a 1936, mai amfilifaya biyu, ɗaya na aiki kullum, ɗaya kuma ba ta farkawa sai tsiri ya zo, amfanin wutar kan kai kashi 40 zuwa 50. A ɓangaren waya ma, an zaɓa wa 4G tsarin aikawa mai ƙarancin tsiri ne takanas domin batir ya daɗe.

Saboda haka ina kira ga NCC da ta riƙa neman bayanin shekarun na'urorin da ke kan turaku da yawan wutar da suke sha duk lokacin da aka zo mata da buƙatar ƙarin farashi, domin bai dace talaka ya biya kuɗin zafin da tsohon kaya ke fitarwa ba. Haka kuma ta ƙara matsa lamba kan na'urorin ƙara sabis marasa izini da ake kafawa a rufin gidaje da shaguna, waɗanda ita kanta ta sha gargaɗi a kansu, domin yawancinsu ba su da tacewar kirki, mai gida ya samu sanda huɗu a wayarsa, unguwa ta rasa kira. Idan hukumar ta buga sakamakon gwajin irin waɗannan na'urori da Hausa, 'yan kasuwar waya za su san abin da suke sayarwa kafin jami'ai su zo kwashe musu kaya.

Naku,
Wani mai karatu daga Kaduna