Hunturu: A Toshe Kafar Iska Kafin A Kunna Hita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan ɗumama ɗakin haya lokacin hunturu, musamman a Jos, ganin yadda hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda ake ba wuta mafi yawan awanni a rana, sama da naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024.

Hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, mai wat 2,000 tana cin yunit 2 a awa guda. Awa biyar da dare an haura naira 2,000 ke nan, alhali ɗumin yana zurarewa ta ƙarƙashin ƙofa da fasassun gilasan taga. Toshe waɗannan kafofi ya fi araha nesa ba kusa ba. A naɗe tsohon bargo a tokare ƙasan ƙofa, a manna leda mai kauri a taga, a rataya labule mai nauyi, a shimfiɗa darduma kan siminti.

Sai dai wanda ya toshe ɗaki kada ya kwana da kaskon gawayi a ciki. Iskar gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Ina kira ga masu gidaje su gyara tagogi da ƙofofi kafin Nuwamba, a kuma rubuta wannan sharaɗi cikin takardar yarjejeniyar haya.

Na gode.

Mai karatunku daga Jos