Shafin da aka canza cikin dare, wa zai yi masa shaida?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai tun kakar bara, don na san ba ni kaɗai ya shafa ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma kamar kowa a nan ina taɓa noma, muna da 'yar ƙungiyarmu ta manoman shinkafa. Bara gab da faɗuwar damina wani kamfani, ba zan kama suna ba, ya sa sanarwa a shafinsa na intanet cewa zai ba manoma bashin iri da taki da maganin feshi, a biya da shinkafa in an yi girbi, kuma an rubuta ƙarara buhu nawa mutum zai biya. Ni da bakina na karanta wa 'yan ƙungiya a ƙofar masallaci bayan la'asar, daga wayata, har na ɗauki sikirinshot na tura a gurup ɗinmu na WhatsApp. Takardar da muka dangwala wa hannu ba ta faɗi adadi ba, cewa kawai ta yi za a biya bisa sharuɗɗan da kamfani ya wallafa, mu kuma tunda mun gani da idonmu ba mu kawo komai a ranmu ba.

Da kaka ta yi wakilinsu ya zo da mota da lissafinsa, sai muka ga ya ɗara abin da muka sani, muka ce ba haka aka yi da mu ba, ya ce to ku buɗe shafin mana ku gani. Muka buɗe. Wallahi Edita sabon lissafin ne zaune a gurin kamar tun ran farko haka yake, ba alamar an taɓa shi. Aka je zauren mai gari na fito da hoton da na ɗauka na miƙa, wakilin ya kalla ya miƙo min wayata ya ce, Malam ai wannan ko yaron sakandare zai haɗa maka irinsa cikin minti biyar. Mai gari ya jima bai ce komai ba, can ya ɗago ya ce, Malam akwai wata shaida bayan wannan? Babu. Haka muka biya, kuma akwai dattijon da a gabana ya ciro buhun da ya ware na cin gidansa ya cika.

Da hutun sallah ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a jami'a a Dutse ya zo gida na ba shi labari, sai ya ce Baffa ai da kun duba Wayback Machine. Ban taɓa jin sunan ba. Ya karɓi wayata ya nuna min, ashe wani rumbu ne a intanet da ke bin shafukan duniya yana ɗaukar kwafinsu yana ajiyewa da ranar da ya ɗauka, kana sa adireshin shafi sai kalanda ta fito maka, ranakun da aka ɗauki kwafi an zagaye su, ka taɓa ɗaya sai ga shafin yadda yake a wannan ranar, har awa da minti suna jikin adireshin. Wata cibiya ce da ba ta neman riba mai suna Internet Archive a San Francisco ta Amurka ke riƙe da shi, wani mutum Brewster Kahle ya kafa ta a 1996, aka buɗe wa jama'a rumbun a 2001. Jikina na rawa muka sa adireshin kamfanin nan, amma kash, shafin da sharuɗɗan suke ba a taɓa ɗaukarsa ba ko sau ɗaya. Ya ce min Baffa da a ranar da ka karanta musu ka shiga nan ka taɓa inda aka rubuta Save Page Now, da yanzu yana nan, kuma kyauta ne.

Daga nan ne na shiga bibiyar abin, har na ci karo da wata shari'a da ta sa na zauna rubuta wannan wasiƙa, don da na gama fahimtarta sai na ga ai rikicin gona ne irin namu sak, wa ya riga wa sharar daji.

A 1994 wani mai bincike Michael Doyle da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka nemi takardar mallakar wata fasaha, wato dabarar da ke sa abu mai motsi ko wanda za ka iya sarrafawa, kamar bidiyo ko hoton da ake jujjuyawa, ya yi aiki a cikin shafin intanet ɗin kansa ba sai ka fita ka buɗe wata manhaja daban ba. A 1998 aka ba su takardar, a 1999 kamfanin Doyle mai suna Eolas ya maka Microsoft a kotu cewa manhajarsu ta shiga intanet, Internet Explorer, tana amfani da fasaharsu ba izini. A 2003 kotu a Chicago ta ce a biya su dala miliyan 521. Ka ga in wannan ya tabbata to kusan duk wanda ya sa bidiyo a shafinsa ya shiga gonar wani kenan, shi ya sa Tim Berners-Lee, baturen Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai, ya rubuta wa ofishin ba da takardun mallakar fasaha na Amurka a shekarar yana roƙon a sake duba lamarin.

To ina shaida? Ashe tun farkon shekarun 1990 akwai wani ɗalibi ɗan asalin Taiwan a Jami'ar Kalifoniya ta garin Berkeley, Pei-Yuan Wei, da ya haɗa tasa manhajar mai suna Viola, kuma a watan Mayu na 1993 ya nuna wa injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems ita tana yin irin wannan aikin, fiye da shekara guda kafin su Doyle su shigar da takardarsu. A ƙa'idarsu in an tabbatar wani ya riga ka fito da abu a fili to ba ka da ikon cewa naka ne. Alƙalin farko bai bari an gabatar da maganar Viola yadda ya kamata ba, sai a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake zama a saurare ta, daga baya Microsoft suka sasanta da Eolas a 2007. Eolas bai tsaya nan ba, a 2009 ya sake kai ƙarar wasu manyan kamfanoni da yawa har da Google da Amazon da Yahoo, aka yi zaman a garin Tyler na jihar Texas, Berners-Lee ya je da ƙafarsa ya ba da shaida, shi ma Wei ya je, a watan Fabrairun 2012 aka yanke cewa takardun mallakar ba su da inganci.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne wannan: lokacin da Wei ya yi aikinsa babu ma Wayback Machine ɗin, sai bayan shekara uku aka fara tara shafuka. Abin da ya tsaya masa shi ne tsohon rubutun manhajar mai ɗauke da kwanan wata, da tsofaffin saƙonnin imel da ba a goge ba, da mutanen da suka gani da idonsu kuma Allah ya bar su da rai. Da ɗalibin nan ya ce ai tsohon aiki ne ya share, da kusan shekara ashirin bayan nan ba shi da abin nunawa sai fatar baki. Mu nan mun san wannan, in ana rikicin iyakar gona dattijon da ya ga lokacin da aka dasa gambar ake nema, ranar da ya kwanta dama kuma sai kowa ya ja iyakar inda yake so. Kuma mu da aka umarta a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, cewa in za mu ƙulla bashi mu rubuta mu kafa shaidu, bai kamata a ce wani ne zai koya mana darajar ajiye rubutu ba.

Yanzu a irin waɗannan shari'o'i na wa ya riga wa, ofisoshin ba da takardun mallakar fasaha na Amurka da na Turai suna karɓar kwanan watan da ke jikin kwafin Wayback Machine a matsayin alamar cewa abu ya fito fili tun lokaci kaza. Kotuna kuma tun 2004 aka fara jayayya a kai, a wata shari'a a jihar Illinois tsakanin wasu kamfanonin talabijin biyu, Telewizja Polska da EchoStar, inda aka kawo tsofaffin shafuka daga rumbun, wani alƙali ya ce a karɓa, na gaba da shi ya ƙi. Abin da lauyoyi suka saba yi yanzu shi ne su nemi ma'aikacin Internet Archive ya yi takardar rantsuwa cewa e lallai wannan kwafin daga rumbunmu yake kuma ga ranar da aka ɗauka. Amma fa kar wani ya ɗauka rumbun nan ya san komai, ni shaida ne bai sani ba. Ba kowane shafi yake ɗauka ba, ranar da yake nunawa ranar ɗauka ce ba ranar da aka rubuta abin ba, wani lokaci rubutun na rana ɗaya ne hoton da ke ciki na wata ranar, abin da ke cikin WhatsApp kuwa ba ya ganinsa sam, na Facebook ma da ƙyar. Duk da haka yana da abin da sikirinshot ɗina ba shi da shi, wato ba a hannuna yake ba kuma ba a hannun abokin rigimata yake ba.

A nan gida ma doka ba ta bar abin haka sakaka ba. Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 84 ta yarda a karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta, amma da sharaɗi, sai an yi bayanin na'urar da ta fitar da ita da cewa tana aiki lafiya a lokacin, a haɗa da satifiket mai sa hannun wanda ke da alhakin abin. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa ta Kubor da Dickson a 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga shafin wata jarida da na hukumar zaɓe saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. To in manyan lauyoyi sun yi tuntuɓe a nan, ina ga manomi da ya shiga kotun majistare da waya a hannu yana cewa ga shi nan a rubuce? Mutanenmu da yawa sun ɗauka hoton fuskar waya ya gama magana, ni ma haka na ɗauka har ranar da aka miƙo min wayata a zauren mai gari.

Kuma shafukan nan mutuwa suke yi ba ma sai an canza su da gangan ba. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba a samunsu bayan shekara goma. Ka duba fa, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, mai bincike yana iya neman tsofaffin kwafinta na takarda ya karanta, amma labarin Hausa da aka sa a intanet shekara goma da suka wuce sai ka taɓa adireshin ya ce maka babu. Sanarwar ɗaukar aiki, jerin sunayen waɗanda aka ba tallafin ambaliya, farashin takin gwamnati, sharuɗɗan bashin manoma, duk yanzu a shafi ake sa su, kuma duk abubuwa ne da gobe za a iya musu a kansu.

Don haka Edita roƙona na farko gare ku ne ku 'yan jarida. Ku riƙa ajiye kwafin duk abin da kuka wallafa a irin wannan rumbu, in kun gyara labari ku rubuta a ƙasa cewa an gyara ran kaza, kuma in kun ɗauko magana daga shafin wata ma'aikata ku ajiye shafin a ranar kafin ya sauya. Ina kuma roƙon ku ware fili ko sau ɗaya ku kawo lauya ya yi wa talaka bayanin sashe na 84 ɗin nan da Hausar da zai gane. Sannan ga cibiyoyinmu na tarihi irin su Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, me zai hana su fara tara shafukan Hausa da na hukumominmu da kansu? Rumbun Amurkan nan ma ba dutse ba ne, a watan Oktoban 2024 'yan kutse sun kai masa hari har ya tsaya na kwanaki, in wata rana ya rufe gaba ɗaya ina muka nufa? Muna da matasa masu ilimin kwamfuta a Kano da Dutse da Wudil da za su iya wannan aikin in aka ba su dama.

Mu dai a ƙungiyarmu bana mun canza tsari. Da wata sanarwar bashin ta fito, kafin in karanta wa kowa sai da na hau kan tudun bayan makaranta inda sabis ya fi kamawa na ajiye shafin a rumbun, na kwafe adireshin da kwanan watan a littafin ƙungiya, sannan muka ce wa wakilin ba mai dangwala hannu sai an rubuta adadin buhun da biro a jikin takardar, mai gari da liman su sa hannu a ƙasa. Ya yi ta cewa ai yana shafinmu, muka ce mun gani, a dai rubuta. Sai da ya fita ya buga waya sau biyu sannan ya dawo ya rubuta.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku mai karatu kullum,
wani malamin firamare daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa