Wasiƙa zuwa ga Sani a Yamai

Ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da ɗan jaririn. Mu nan Tawa lafiya lau, sai zafi da ɗaukewar wuta da ka riga ka sani. Takarda na rubuto maka, ban aiko saƙon murya ba, don na san yadda kuke sauraron murya: kunne a nan, ido a can.

Innarka ta dawo tana yabon gidanka. Ci da sha da sutura, ba abin da ƴar mutane ta rasa, Allah ya yi maka albarka. Abu guda ta gani da bai kwanta mata ba, kuma ita ta gani da idonta, ba ƙara aka kai mata ba, kada ka je ka tuhumi yarinya. Ta ce daga dawowarka aiki har ka kwanta salula ba ta barin hannunka. A yi maka magana ka ce "uhm", a sake ka ce "me kika ce?", sai ta ce "ba komai".

Sani, a wannan "ba komai" ɗin akwai komai.

Ka san tun da na ajiye alli ban ajiye karatu ba, to bari tsohon malamin ilimin halitta ya ɗan koma allo. A 2003 wata mai bincike a Amurka, Naomi Eisenberger, da abokan aikinta sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta da wasu biyu. Ana cikin wasa sai biyun suka daina jefo musu, suka ci gaba tsakaninsu. Ba zagi, ba duka. Amma wani sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan mutum na jin azabar ciwo a jikinsa ya motsa, kuma wanda ya fi jin an ware shi, nasa ya fi motsawa. Wannan fa baƙi ne a cikin wasan banza. Ka auna da macen da ta bar uwa da uba a Ader ta bi ka Yamai, ta wuni da jariri tana jiran ƙarar babur ɗinka, sannan ka shigo ka zauna kusa da ita ka yi dariya da mutanen da ba ta gani.

Akwai wani kuma da ya fi burge ni. A 2006 James Coan ya gwada matan aure 16. Aka gaya musu za a iya ɗana musu lantarki kaɗan a ƙafa, ana kallon ƙwaƙwalwarsu. Wani lokaci su kaɗai, wani lokaci riƙe da hannun baƙo, wani lokaci riƙe da hannun miji. Da hannun miji sassan fargaba sun fi lafawa, kuma waɗanda zaman aurensu ya fi daɗi su suka fi samun sauƙin. Ashe natsuwar da Allah ya ambata tsakanin ma'aurata a Suratur Rum har a na'ura ana ganin alamarta. To hannun da ke shafa gilashi daga magariba zuwa sha biyu, yaushe ya samu sarari?

Ba na cewa ba ka son ta. Na san abin da ke jan ka. Duk ƙarar da salula ta yi, ba ka san abin da ke ciki ba: ko kuɗi ne, ko rasuwa, ko shirmen wani zaure na WhatsApp. Rashin sanin nan shi ke riƙe mutum, kamar mai ƙugiya a tabkin Tabalak da ba ya iya tashi don wataƙila jifa na gaba ne zai kamo. Waɗanda suka ƙera manhajojin nan sun san haka sarai, da lokacinka suke cin abinci. Kuma kifa salular a kan tabarma ba ya wadatarwa. A 2017 an gwada ɗalibai kusan 800 a Amurka, waɗanda aka bar salularsu a wani ɗaki sun fi waɗanda tasu ke kan tebur ƙoƙari a aikin tunani, alhali ba ta yi ƙara ba. Ɗalibai ne, ba ma'aurata ba, amma sauraron mace ma aikin tunani ne, wanda ya ce ba haka ba bai yi aure ba.

Za ka ce aiki ne, shugabanka na nemanka da dare. Na yarda da rabi. Sauran rabin ƙwallo ne da TikTok da gardamar siyasa da ƴan fadarku, waɗanda ka rabu da su awa guda da ta wuce bayan kun sha shayi har na uku.

Ni ba maƙiyin salula ba ne. Garin nan na ƴan cirani ne. Na ga zamanin da mai miji a Abijan ke jiran kaset da wani matafiyi zai kawo mata bayan watanni, ta saurara har zaren ya tsinke. Yau maƙwabciyarmu, wadda mijinta ke Libiya, kullum dare sai ta ji muryarsa, ya san abin da aka dafa, ya san wane yaro ne ke tari. Abin kunya ne a ce ya fi ka sanin labarin gidansa.

Ga kuma wani abu da ku maza matasa ba kwa lura da shi. Idan ka yi murmushi ga gilashi, ta matso ka juya shi, ko ka fita waje amsa kira, ba aiki take tunani ba. Kishiya take gani. Ba za ta tambaye ka ba, an yi mata tarbiyyar haƙuri, sai ta haɗiye, zargi ya yi ta girma a kan abin da babu shi. Daga nan sai ita ma ta ɗauki tata. Idan ta riga ta fara, wannan na innarka ne da uwarta, ni da kai nake.

An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai juya ga mutum da dukan jikinsa yake juyawa. Kuma Nana A'isha ta zauna ta ba shi dogon labarin mata goma sha ɗaya da mazajensu, ya saurara har ƙarshe, ya kuma ba ta amsa daga cikin labarin. Wanda al'umma ke wuyansa ke nan.

Abin da nake so kaɗan ne. Daga sallar magariba har a gama cin abinci, ka sa salular caji a ɗaya ɗakin, ka bar ƙarar kira kawai saboda larura. Kada ta kwana a kan gadonku, ka sayi agogo a Babbar Kasuwa don asuba. Idan dole ta sa ka duba ana magana, ka ce "yi haƙuri, minti biyu", ka gama, ka koma kan maganarta daga inda ta tsaya. Kwanakin farko za ka ji hannunka na ƙaiƙayi, hirar ma ta yi ta yankewa don kun kwana biyu ba ku yi ba. Ka daure. Kuma kada ka ce mata Baba ne ya ce.

Innarka ta ba direban motar safe cuku da albasar Galmi, ka je tasha ranar Alhamis. Ƙannenka na gaishe ka. Ka gai da mai ɗakinka, ka shafa min kan mai sunana. Muna sa ran ku da babbar salla idan Allah ya kai mu.

Mahaifinka