Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Wanda Ya Tambaye Ni Hujjar Rage Ƙarar Lasifika

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa, tunda titi da dandali da tashar mota na kowa da kowa ne, da wace hujja za a ce wa mai lasifika ya rage ƙara. Amsata ita ce, kasancewar wurin na kowa ita ce hujjar, domin wanda ya ƙure sauti ya mamaye filin gaba ɗaya, ko da ƙafarsa taku ɗaya kawai ta tsaya a kai.

Ka lura da abin da ke faruwa a dandali idan aka kunna kiɗa da ƙarfi. Dattawa biyu da ke hira a kan benci za su fara karkato kunne suna maimaita magana, can sai su yi shiru, daga bisani su karkaɗe riga su tashi. Uwar da jaririnta ya yi barci ma ta bi bayansu. Babu wanda ya ce musu su tafi, amma an kore su, kuma wannan korar ce ta fi damuna, saboda ba ta da wanda za a kama da laifinta.

Masu iko sun daɗe da gane haka. A shekarar 2005 wani mutumin Birtaniya, Howard Stapleton, ya ƙera na'urar Mosquito, mai fitar da siririn sauti wanda galibi matasa ne kaɗai ke jin sa, aka riƙa maƙala ta a ƙofar kantuna don tarwatsa su, har majalisar wakilai ta ƙungiyar ƙasashen Turai mai suna Council of Europe ta nemi a haramta ta a 2010. A ganina, mai lasifika da mai wannan na'ura aiki ɗaya suke yi: zaɓen wanda zai zauna da wanda zai tashi.

Ga kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa yankin Turai a 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar ababen hawa ta kai desibel 53 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), da dare kuwa 45, saboda alaƙarta da rashin barci da ciwon zuciya.

Kada ka ɗauka ina kiran birni ya yi tsit. Hayaniyar masu ciniki da wasan yara su ne ke sa mai tafiya shi kaɗai ya samu natsuwa, kuma a dandalin Paley da ke New York, wanda aka buɗe a 1967, ƙarar ruwa mai zubowa aka sa ta danne ta motoci don mutane su samu zama. Ma'aunin da nake roƙon a yi aiki da shi mai sauƙi ne: idan mutum biyu da ke tsaye dab da juna sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to mai lasifika ya wuce rabonsa, kuma duk wanda ke wurin yana da ikon ce masa ya rage.

Wassalam, na gode da tambayarka.