Wasiƙa zuwa ga aminina a Fatakwal

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya kasuwa? Mutanen gida duk kalau, Hajiya ma jiki ya yi sauƙi, har ta koma sababin da ka santa da shi.

Saƙonka ya iso, kuma na ga inda ka ɗan tsokane ni. Wai mu Katsinawa an kafa mana fankokin samar da wuta da iska a daji muna ta murna, alhali abin da zai fid da Arewa kunya shi ne man Kolmani. To mutumina, zauna ka sha karatu, don wannan ba maganar da za a gama a waya ba ce.

Ni ma na ji daɗi a Nuwambar 2022 da Buhari ya je iyakar Bauchi da Gombe ya ƙaddamar da haƙar man nan. Wa zai ƙi arziki a ƙofar gidansa? Amma kai ne kake zaune inda aka riga mu cin wannan tuwon. Kai da bakinka ka ba ni labarin baƙar kunkunniyar da ta fara sauko muku tun wajen 2016, yadda matarka ke shanya farin kaya ta kwaso su sun yi dafe-dafe, yadda yaro zai face majina a ga baƙi. Hayaƙin matatun bayan fage ne da na ɗanyen man da ake kamawa a cinna wa wuta, ga kuma iskar gas da ake ƙonawa dare da rana a bakin rijiyoyin mai. Abin da ya sauka a kan riga shi ne ya sauka a huhu.

Kuma ƙasar Ogoni ba nisa da kai. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kanta. A Nisisioken Ogale an tarar mutane na shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sama da sau 900. Suka ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Tun 1956 aka samu mai a Oloibiri ta jihar Bayelsa, amma masunci a can yau sai ya yi nisa cikin ruwa kafin ya ga kifin kirki. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Mu da abincinmu ke fitowa daga gona da garke, in aka yi mana malalar mai a fadama ɗaya, ina makiyayi zai shayar?

Ba sai mun jira Kolmani ba ma, ɓarnar tana nan tare da mu. Ka tuna layin teloli na bayan gidanmu? Da an ɗauke wuta kowa sai ya ja igiyar janaretansa. Akwai wani dattijo da ke ɗinkin babbar riga a shago na ƙarshe, janaretan maƙwabcinsa na daidai tagarsa. Da la'asar idonsa ya kaɗa ya yi ja, yana tari yana zare, ga bango ya yi baƙi ƙirin daidai inda salansa ke hurawa. Ba ya ƙorafi, don shi ma in ya samu na fetur zai tayar da nasa. Ban da iyalan da ake wayar gari a tarar sun rasu saboda an shigar da janareta cikin gida gudun ɓarayi. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin hayaƙin kabon fiye da kilo biyu. Lissafa janaretocin Kantin Kwari kaɗai.

Yanzu ga fankokin da kake yi wa dariya. Suna Lambar Rimi, kana ganinsu daga titi in ka taso daga Katsina za ka Kano. Guda 37 ne, kowace da fukafukai biyu, an tsara su ba da megawat 10. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna aka fara zancensu, kamfanin Vergnet na Faransa ya yi aikin. A Disambar 2012 aka sace injiniyansu Francis Collomp a Rimi, sai bayan kusan shekara guda ya kuɓuta, aiki kuwa ya shiga tafiyar hawainiya. In ka ce ba mu ci moriyarsu yadda ya kamata ba, ba zan musa maka ba. Sai dai wannan laifin rashin tsaro ne da halinmu na fara abu mu watsar. Iskar ba ta daina kaɗawa ba. A Kenya, kusa da tafkin Turkana, sun kafa guda 365 masu ba da megawat 310, kuma suna juyawa.

Abin da nake so ka duba shi ne, ko a lalacensu me suka yi wa ƙasar? A gefensu ana noman gero da wake, awaki na kiwo. Ba wanda ya ja guga ya ji warin mai. Fankar da ta tsaya ƙarfe ne kawai a tsaye, bututun mai kuwa in ya fashe sai jikoki sun gaji wahalarsa. Masanan sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi lissafi tun daga ƙera inji har zuwa ranar da za a yar da shi: a kan kowane yunit na wuta, kwal na fitar da hayaƙi kimanin giram 820, iskar gas 490, sola wajen 45, iska kuwa 11 ko 12 kacal.

Ba na ce ba su da aibi ba. Fukafukan na kashe tsuntsaye da jemagu, suna da ƙugi in ka matsa kusa, kuma ranar da iska ta kwanta sai haƙuri. Sola kuwa ƙurar hunturu na dusashe ta, dole a riƙa gogewa. Wanda ya fi damuna shi ne batir. 'Yan gwangwan na fasa matattun batura su zubar da ruwan a kwata su narka dalmar a cikin unguwa, yara na wasa a wajen. Wannan guba ce, kuma yadda inbata ta cika gari, ya kamata hukuma ta sa ido tun yanzu.

Abin dariya, ba wa'azin muhalli ne ya karkato da mutanenmu ba, aljihu ne. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a Mayun 2023, masu noman rani suka fara ajiye injin fetur suna ɗora farantin sola biyu ko uku a kan baro, su tura har bakin rijiya. Ba ƙara, ba baƙin mai a cikin kwamin albasa. Masu cajin waya da masu sayar da ƙanƙara ma haka. Gwamnati ta yi tata tashar sola a Kumbotso ta Kano, megawat 10, amma na ƙananan nan ne nake gani da idona yana yaɗuwa.

Don haka kuɗin da ka ce za ka aiko a sai wa Baba sabon janareta, ka dakata. Na sa an yi mini lissafin faranti huɗu da batir da inbata, zan turo maka ka gani. Ya fi tsada a farko, amma zai huta da aiken yara gidan mai da jarka.

Ka gaida Maman Khalifa da yara. Ka daure ka zo da Babbar Sallah.

Naka,
Lawal